Wa Ke Naɗa Sarkin 'Yan Fashin Teku?

A ƙasar Hausa ba a tsintar sarauta a hanya. Ko Sarkin Pawa ne, ko Sarkin Aska, ko Sarkin Ruwa, akwai wanda ya ɗaura masa rawani, akwai ranar da aka yi naɗin, akwai jama'ar da suka shaida. Shi ya sa idan Bahaushe ya ji an ce wani yaro ɗan shekara 17 ya shiga ƙaramin kwalekwale ya fita neman zama sarkin 'yan fashin teku, dole ya dakata ya yi tambaya. Fashi ma har yana da sarki? In kuwa yana da shi, wa ke naɗawa?

A kan waɗannan kalmomi aka gina One Piece, labarin zane na Eiichiro Oda, mutumin Kumamoto a ƙasar Japan. Ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump a watan Yulin 1997, marubucin yana da shekara 22. Kamfanin Toei ya mayar da shi fim ɗin zane a Oktoban 1999, aka kai kashi na 1000 a Nuwamban 2021, littattafansa da aka buga sun haura kwafi miliyan 500, kuma har yau labarin bai ƙare ba. Masu kallonsa sun fi son musu a kan ƙarfi: tsakanin Kaido da Shanks wa zai kayar da wani, Farin Gemu a ƙuruciyarsa ko Roger. Musun yana da daɗi, ban hana kowa ba. Amma duk lokacin da na bi labarin, abin da nake gani jiga-jigan nan suna kokawa a kansa shi ne ma'anar kalma guda, wato sarki. Kowannensu yana da tasa fassarar, kuma talakawan tsibiran da ke ƙarƙashinsa ne suke biyan farashinta.

Wanda ya fara riƙe sunan shi ne Gol D. Roger. Ba wanda ya naɗa shi. Ya kai tsibirin ƙarshe da ake kira Laugh Tale, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya taka, sai duniya ta laƙaba masa sunan. Yana fama da ciwon da ba shi da magani, ya miƙa kansa ga hukuma, aka kai shi dandalin kisa a Loguetown, garin haihuwarsa, don ya zama izina ga na baya. A nan ya shaida wa taron cewa dukiyarsa tana can, duk mai so ya je ya nema. Taron da aka shirya don kashe sana'ar sai ya zama buɗe kasuwarta. Sarautar Roger ba ta da fada, ba ta da haraji, ba ta da yarima mai jiran gado. Suna kawai ya bari, bai bar bayaninsa ba, shekara 22 kafin yaron nan, Monkey D. Luffy, ya baro ƙauyensu da malafa a kansa.

A tsawon waɗannan shekaru rabi na biyu na babban tekun ya faɗa hannun mutum huɗu, waɗanda ake kira Sarakuna Huɗu. Dattijonsu shi ne Edward Newgate, Farin Gemu. Shi ne ya fi kowa kusa da kujerar Roger, shi ne kuma bai taɓa nemanta ba. Tun yana saurayi, ana raba ganima, aka tambaye shi burinsa, ya ce iyali yake so. Mutanen jirginsa 'ya'yansa yake kiransu, su kuma suna kiransa baba, kuma mafi yawansu waɗanda duniya ta yasar ne. Rabonsa na dukiya a ɓoye yake aika shi tsibirin da aka haife shi, wurin da talauci ya yi wa katutu. Da gwamnati ta kama ɗaya daga cikin 'ya'yan nan, Portgas D. Ace, za ta kashe shi a hedikwatar sojojin ruwa ta Marineford, tsohon ya taso da ciwonsa da shekarunsa 72. Ya mutu a tsaye. Mai ba da labarin ya ƙirga raunukan: sara 267, harsashi 152, harbin igwa 46, amma bayansa babu tabo ko ɗaya, domin bai taɓa juya wa abokin gaba baya ba. A wajen Farin Gemu sarki uba ne. Rauninsa shi ne, da uban ya faɗi, gidan ya watse, tsibiran da sunansa kaɗai yake karewa suka zama na mai rabo ka ɗauka.

Ɗaya daga cikinsu Tsibirin Mutanen Kifi ne, mai nisan mita 10,000 a ƙarƙashin teku, inda masu farautar bayi suka daɗe suna ɗibar mutane. Farin Gemu ya kafa tutarsa a can bai karɓi ko anini ba. Bayan mutuwarsa Charlotte Linlin, wadda ake kira Big Mom, ta maye gurbin, ita ma ta ce kariya ta kawo. Kalmar ba ta canza ba, sai dai yanzu tana da farashi: tan 10 na kayan zaƙi kowane wata, in an gaza a rushe ƙasar. Linlin ma uwa ce, uwa ta haƙiƙa, 'ya'yanta 85 daga mazaje 43. Burinta ma in ka ji shi a baki yana da kyau, wai ƙasar da kowane jinsi zai zauna a teburi ɗaya a ci abinci, ba babba ba ƙarami. To amma duk wanda ke zaune a ƙasarta, bayan wata shida-shida sai ya ba da wata guda daga tsawon rayuwarsa, ko ya tattara ya fita. 'Ya'yanta kayan ƙulla ƙawance ne, tana aurar da su inda ta ga riba. In kwaɗayin wani abinci ya taso mata, tana iya cinye gari, ta zare ran ɗan da ta haifa ba ta ko gane shi ba. Oda ya nuna mana asalin ciwon, yarinya ce 'yar shekara 5 da iyayenta suka ajiye a wani tsibiri suka gudu. Na tausaya wa yarinyar. Matar da ta zama kuwa, ta riƙe kalmar iyali kamar yadda Farin Gemu ya riƙe, amma a gidanta ita ake ciyarwa.

A nan zan ɗan tsaya, domin kalmar fashi ba ta da sauƙi a kunnenmu. Mun san ƙauyukan da 'yan fashin daji suke sa wa haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, kuma su ma masu karɓar sukan kira abin zaman lafiya. Wanda ya taso da wannan a kusa da shi yana da hakkin ya tambaya ko labarin nan ba ya shafa wa mummunan abu kwalliya. Amsar tana nan tun farkon tafiyar, a ƙauyen Cocoyasi. Wani ɗan fashi mai suna Arlong ya mamaye yankin, ya yanka wa kowane babba beri 100,000 a wata, kowane yaro 50,000. Bellemere, tsohuwar sojar ruwa da ke riƙon marayu mata biyu, kuɗinta 100,000 ne cif. Da ta ce ita kaɗai ce a gidan da ta tsira. Ta ce kuɗin na 'ya'yanta ne, aka harbe ta a gabansu. Ƙaramar, Nami, ta yi shekara 8 tana yi wa makashin uwarta aikin zana taswira, tana tara miliyan 100 don ta fanshi ƙauyen. Da ta kusa cikawa, Arlong ya turo wani hafsan sojan ruwa da yake ba cin hanci ya kwashe kuɗin da sunan doka. Wanda ya rubuta wannan ya san mene ne fashi, ya kuma san ba ya daɗewa sai da hannun mai kaki a ciki. Abin da Oda ya yi shi ne ya ɗora suna ɗaya a kan Arlong da Luffy, ya bar mai kallo ya gane da kansa cewa sunan bai isa shaida ba.

Kaido bai wahalar da kansa da batun iyali ba. A wajensa sarki shi ne wanda ya fi ƙarfi, ragowar mutane ko su bi ko a karya su. An kama shi sau 18, an yanke masa hukuncin kisa sau 40, sarƙa ta tsinke, mashi ya karye, bai mutu ba, har rayuwa ta gundure shi. Ya haɗa kai da wani mai mulki mai suna Orochi suka danne ƙasar Wano sama da shekara 20. Masana'antun makamansu suka gurɓata koguna, gona mai tsafta ta zama ta fada kaɗai, talakawa suna cin ragowa. Akwai wasu 'ya'yan itace na jabu da Kaido ke ba mayaƙansa don su sami ƙarfin dabbobi, sunansu SMILE, wato murmushi. Ɗaya cikin goma ne ke yin aiki. Sauran, duk wanda ya ci, fuskarsa ba za ta sake iya nuna baƙin ciki ko fushi ba, sai dariya. Orochi ya sa aka cusa waɗanda suka lalace cikin ragowar abincin da ake kai wa garin Ebisu, mayunwata suka ci. Ranar da aka kashe dattijo Yasuie a bainar jama'a, 'yarsa ƙarama Toko tana kallo, hawaye na zuba, tana ƙyaƙyata dariya, mutanen garinsu ma haka. Ban san wani wuri a labarin da ya fi wannan ciwo ba. Azzalumin bai tsaya ga ƙwace abinci ba, ya ƙwace wa mutane har hanyar cewa suna jin zafi, sannan ya sa wa abin suna mai daɗi.

Shanks, mai jan gashi, shi ne aka fi ɓoye mana. Shi ya ba da hannunsa na hagu don ceton Luffy daga dodon ruwa yana ɗan shekara 7, shi ya ɗora masa malafar da asalinta ta Roger ce, da sharaɗin ya dawo da ita in ya gawurta. Shi ne kuma ya zo ya tsayar da yaƙin Marineford da magana kawai. Sarautarsa ta mai tsaron ƙofa ce, yana jiran wani.

Wanda ya fi damuna shi ne Marshall D. Teach, Baƙin Gemu, domin shi ne ya fi kama da Luffy. Haɗuwarsu ta farko a garin Mock ne, a tsibirin Jaya, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a wani shagon abinci. Abin da ɗaya ya ce yana da daɗi, ɗayan ya ce ba ya ciwuwa. Jim kaɗan bayan haka mutanen shagon suka yi wa Luffy dariya da duka don ya tambayi hanyar tsibirin da ke sama, suna cewa zamanin masu mafarki ya wuce. Luffy ya ƙi ramawa. Da ya fito jina-jina, mutum ɗaya ne a duk garin ya tsaya masa, ya ce mafarkin ɗan Adam ba ya ƙarewa, kuma Teach ne. Bakinsu ɗaya a kan mafarki, harafin D ɗin nan mai sirri yana cikin sunansu su biyun, kujera ɗaya suke nema. Amma Teach ya yi sama da shekara 20 a jirgin Farin Gemu yana kiransa baba yana jiran damarsa. Da abokinsa Thatch ya tsinci wani ɗan itace mai ba da ƙarfi da Teach yake nema, ya kashe shi ya gudu. Ya kama Ace ya miƙa wa gwamnati don a ba shi muƙami, ya yi amfani da muƙamin ya shiga kurkukun Impel Down, ya sa fursunonin ƙasa suka karkashe juna ya ɗebi waɗanda suka rage a matsayin mutanensa. Shi da su ne suka ƙarasa Farin Gemu, ya sace ƙarfinsa daga gawarsa. Daga baya ya bayyana cewa so yake Gwamnatin Duniya ta amince da tsibirinsa a matsayin ƙasa, shi kuma sarkinta. Ashe duk kurarin 'yancin, takardar hukuma yake nema.

Sunan nan ma aro ne daga tarihi. Edward Teach ɗan fashin teku ne na gaske, wasu takardun suna rubuta shi Thatch. A 1717 ya ƙwace wani jirgin bayi na Faransawa ya mayar da shi nasa, a 1718 sojojin ruwan Ingila suka kashe shi a gaɓar Carolina ta Arewa. Oda ya raba sunan mutum ɗaya gida uku: Edward ga uban, Teach ga maci amana, Thatch ga wanda aka kashe. Haka ma tsarin nan na 'yan fashi bakwai da gwamnati ke ba lasisi a labarin, yana da tushe. Francis Drake ɓarawon teku ne a wajen Sifaniyawa, amma a 1581 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba shi sarautar girmamawa a kan jirginsa. Aikin ɗaya ne, mai sa sunan ne ya bambanta.

A duniyar One Piece babban mai sa suna ita ce Gwamnatin Duniya. Sojojinta suna yawo da kalmar adalci a rubuce a bayan rigunansu, suna gadin wasu 'yan gata da ke hawan bayi kamar dawaki. Ta mayar da Gol D. Roger ya zama Gold Roger don ta binne harafi ɗaya. Ta shafe shekara 100 daga tarihi, da malaman tsibirin Ohara suka fara karanto su daga tsofaffin duwatsu sai ta ƙone tsibirin, ta sa miliyan 79 a kan Nico Robin, 'yar shekara 8 da ta tsira, ta kira ta shaiɗaniya. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma gwamnatin nan ta san wanda ya riƙe linzamin shi ke juya dokin. Hatta tashen Luffy da alƙalaminta ake auna shi. Miliyan 30 aka sa a kansa bayan Arlong, miliyan 100 bayan ya kayar da wani ɗan fashi mai suna Crocodile, miliyan 300 bayan ya sa an ƙone tutar gwamnati a Enies Lobby don ceto Robin, biliyan ɗaya da rabi bayan ya kutsa ƙasar Big Mom ya fito, biliyan 3 bayan faɗuwar Kaido. A lokacin ne aka sa shi cikin Sarakuna Huɗu. A rana ɗaya aka sa Buggy, mutumin da ba shi da ƙarfin kirki, saboda hotonsa ya fito a saman wata takardar talla, hukuma ta ɗauka shi ne ubangidan manyan 'yan fashi biyu, Crocodile da Mihawk. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin muƙamin da jarida da hukuma suke rabawa.

Shi Luffy me yake nufi da sarki? Silvers Rayleigh, mataimakin Roger, ya tambaye shi ko zai iya mallakar wannan teku mai haɗari. Ya ce shi ba mallaka yake so ba, a wajensa wanda ya fi kowa 'yanci a teku shi ne sarkin. A zaman nan ne ya hana a gaya masa mene ne dukiyar da ina take, ya ce in ya sani ya fasa tafiyar. Magana ce mai sauƙin faɗi, kuma da a baki ta tsaya da ban ba ta muhimmanci ba. Amma a ƙasar Dressrosa kyaftin bakwai da mutum 5,600 suka durƙusa suna neman ya zama ubangidansu, ya ƙi, ya ce kowa ya kama gabansa, in wani ya shiga uku ya kira. Su suka yi rantsuwar da kansu ba da yardarsa ba. Kalmar gwarzo ma gudunta yake, wai gwarzo shi ne mai raba namansa, shi kuwa so yake ya cinye. Bayan ya kayar da Kaido ya roƙi kada a gaya wa mutanen Wano cewa shi ne.

Duk da wannan iƙirari na rowa, a bi sawunsa a gani. Abokin tafiyarsa Zoro, a ɗaure Luffy ya same shi da yunwa. Sanji, mai dafa masa abinci, ya taɓa yin kwana 85 a kan dutse a tsakiyar teku, ya yi alkawarin ba zai hana mayunwaci abinci ba ko maƙiyinsa ne. A Wano wata yarinya mai suna Tama ta ba Luffy kwanon shinkafar da ba ta samun irinsa sai a ranar murna, ita kuma ta sha gurɓataccen ruwan kogi don ta danne yunwa. Da Kaido ya tambaye shi a ƙarshen faɗansu wace irin duniya yake son ginawa, amsarsa ita ce wadda abokansa za su ci su ƙoshi. Kusan duk ƙasar da ya ratsa da walima ake rabuwa, sannan ya ɗaga tutarsa ya wuce, bai bar wakili ba, bai yanka haraji ba. Ma'aunin da nake ganin Oda ya ajiye ke nan don a gwada sarakunan nan: a dubi tukunyar mutanen da ke ƙarƙashin tutar.

'Yancin Luffy ba ya rasa ɓarna. Don ya ceci ɗan'uwansa Ace ya fasa Impel Down, fursunoni sama da 200 suka fita tare da shi, cikinsu har da Crocodile wanda ya jefa ƙasar Alabasta cikin fari da yaƙin basasa. Ace ɗin ma bai tsira ba, a hannunsa ya cika. Akwai kuma inda nake ganin marubucin ya raunana hujjarsa da kansa. Yaron da muka sani ɗan ƙauye, sai ga shi jikan gwarzon sojan ruwa Garp, ɗan Dragon jagoran 'yan juyin juya hali. A babi na 1044, a 2022, aka bayyana cewa ɗan itacen da ya ci yana yaro, wanda ya mayar da jikinsa roba, shi ma sunan ƙarya gwamnati ta sa masa, asalinsa na Nika ne, wani mai 'yantarwa da bayi suka daɗe suna jira a tatsuniyarsu. Ta fuskar wasa da sunaye abin ya zauna daram. Ta fuskar 'yanci kuwa da sauran magana, domin in barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ina yabon ɗan? Na fi son Luffyn da ba wanda ya yi annabcin zuwansa. Abin da ya rage mini na kariya gare shi shi ne, bai san labarin Nika ba lokacin da ya cire malafarsa ya ɗora a kan Nami tana kuka, kuma ko da aka gaya masa bai canza komai a halinsa ba.

Mutanen da ba su da ruwa da wannan muhawara sun riga sun yanke nasu hukuncin. A 2025 tutar ƙoƙon kai mai malafa ta bayyana a hannun matasa masu zanga-zanga a Indonesiya, da Nepal, da Madagaska. Cikin tutoci masu yawa da ke labarin, ba su ɗauki ta Kaido mai ƙarfi ko ta Baƙin Gemu mai dabara ba.

Oda ya sanar a 2022 cewa labarin ya shiga zangonsa na ƙarshe, kuma har yanzu ba a bayyana mene ne dukiyar ba. Ga mai karatun da tsawon labarin ke tsoratarwa, ko uban da ke ganin ɗansa yana kallon 'yan fashi a waya hankalinsa bai kwanta ba, shawarata ita ce ya nemi labarin Arlong kaɗai, babi na 69 zuwa na 95 a littafin. Ya karanta ko ya kalla tare da yaron, sannan ya tambaye shi a ƙarƙashin tutar wa zai yarda mahaifiyarsa ta zauna, kuma don me.